Filogi Na Shida

Ku da kuke soka wa mota waya a ƙarƙashin sitiyari, ku tsaya kallon allo har ya rubuto muku abin da ke damunta, ba ni da faɗa da ku. Zamaninku ne, ku ci. Abin da ke tayar min da hankali shi ne in ji ɗayanku yana cewa aikin tsofaffin motoci ba aiki ba ne, wai filogi ne da kafireta kawai, ko mai faci zai iya. Wanda ya faɗi haka a gabana makon jiya bai taɓa daidaita kwantak da takardar kwalin sigari ba, kuma in na miƙa masa ba zai san ta ina ake kamawa ba. Sunana Seidu, a Yendi Masta Seidu ake ce min. Zan ba ku labarin mota guda ɗaya. Ciwonta bai kai aikin minti biyar ba, amma ni na kashe ta.

A Bawku na koyi aiki, wurin Masta Awudu, wani dogon mutum mai ƙarancin magana. Garejinsa inuwar darbejiya biyu ce a hanyar Pusiga, kuma duk wata rubabbiyar mota da ta ƙetaro daga Togo ko Burkina a nan take zubewa. Shekarata ta farko bai bar ni na riƙe sifana ba. Doguwar sukundireba ya ba ni mai ƙotar katako. Sai in ɗora bakinta a jikin inji, in danna ƙotar a ƙashin bayan kunnena, in rufe ido. Shi kuma ya zagaya ya sassauta wata waya ko ya toshe wani tiyo, ya ce in faɗa masa me ya taɓa. In na kuskure, da ƙotar nan zai ƙwanƙwashe min kai. Har yanzu in na shafa ina jin wurin.

Dokokinsa biyu ne. Ta farko, ba a buɗe cikin inji sai an gama da duk abin da ke wajensa. Da Hausarsa ta zango yake faɗa: “Mota ba ya ƙarya, Seidu. In ka ce shi ya yi ƙarya, kai ne ba ka ji ba.” Ta biyu, duk abin da mai mota ya ɗaura a cikinta, laya ce, ƙaho ne, zobe ne, ba ka taɓawa, ba ka ƙura masa ido, ba ka tambaya. Ya ce ya san wani makanike da ya tsinke layar wani direba don ta tare masa hannu, bayan sati motar ta kife da mutane, kuma har ya mutu ba a sake kai masa ko keke ba. Duk wanda ya tashi a garejin arewa ya san wannan. Kana yi kana yi har idonka ya saba, ka buɗe bonet ka ga komai ban da layar.

Bari in gaya muku abin da ake nufi in an ce inji yana ɗingishi, wanda ku kuke cewa misin. Ku ɗauka mata shida ne suke lugude a turmi ɗaya, kowace da lokacin da taɓaryarta ke sauka. In ɗaya ta tsallake nata, ko daga bayan katanga za ka ji dakan ya karye. Haka silinda shida suke. Abu uku ne ke sa ɗaya ta tsallake: ko wuta ba ta isa filogi ba, ko mai bai zo daidai ba, ko bawul ya daina rufewa numfashi yana zurarewa. Kowanne da muryarsa. Na mai tari yake yi ta bakin kafireta. Na bawul, ka kara takarda a bakin salansa, za ka ga yana zuƙo ta ciki maimakon ya hura ta waje. Na wuta shi ne mai wuyar kamawa, domin in wuta ta sami hanyar gudu kafin ta kai filogi, ƙarar da take yi siririya ce ƙwarai, tas, tas. Da wannan siririyar ƙarar na ci abinci shekaru masu yawa. Daga Bimbilla, daga Nalerigu, ana jawo min mota don kawai in saurara.

Mummunar shekarata da kunnen dama ta fara. Na lura na daina jin kukan gyare da damina. Daga nan buta ta tafasa a gefena ban sani ba sai da na ga tururi. Ƙara mai kauri ina jin ta sarai, siririya ce ta ɓace, kuma kafin a girbe dawa na hagu ma ya bi sahu. Ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Da ma tsofaffin motoci suna ƙarewa, yinina duk a kan babura masu ƙafa uku da janareto yake tafiya. In aka ji Masta Seidu ba ya ji, ɗan abin da ya rage ma wurinku zai koma. Sai na ci gaba da kara sukundireba a kunne a gaban mutane, ina kaɗa kai, alhali da ido da hannu nake laluben aikin.

Ana cikin haka Hajiya Adiza ta zo garejina da kanta a gaban motar doya. ’Yar Alhaji Mumuni ce na Salaga, gidan tsofaffin fataken goro, ita kuma doya take fatauci. Ta ce mahaifinta yana da wata mota da ta gagari kowa. Har samari biyu ta ɗauko daga Tamale da na’urarsu, suka yi rabin yini suna neman ramin da za su soka waya, ba su samu ba, suka ci tuwo suka koma.

Da aka yaye tamfol a rumfar gidan, sai da na yi salati. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, babu rufi sai tanti da ake naɗewa baya. Hancinta ya fi sauran jikinta tsawo, ƙafafunta na waya ne irin na keke. Silinda shida a jere, kafireta biyu. Alhaji ya saye ta ne yana saurayi daga hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, lokacin goro yana goro. Na duba notocin murfin injin, fentin kamfani yana nan a kansu bai ɓare ba. Tunda aka ƙera ta sifana ba ta taɓa hawa kansu ba. A duk rayuwata ban ga irin haka ba.

Alhaji Mumuni ya tsufa ƙwarai, kuma ya daɗe da makancewa. Kullum da hantsi ana fito masa da kujera gefen motar, Hajiya ta tayar da ita kafin ta wuce kasuwa, shi kuma ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet yana sauraro har ƙarfen ya yi ɗumi, sannan a kashe. Hajiya ta ce min tunda idonsa ya tafi ba ya cin abincin safe sai an yi wannan. A tsaye motar ba ta da aibu ko kaɗan, luguden nan shida cif. Matsalar ta fito ne da ya ce a kai shi Yendi ya duba yayarsa da ke kwance, kuma a cikinta yake son zuwa kamar yadda ya saba da can. Suna kama ɗan hawan farko a hanyar Bimbilla ta fara ɗingishi tana fizga, dole suka juyo.

Alhaji ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya shafa kantar da ke tafina, ya ce ya ji labarina. Sannan ya ce, “Masta, ka yi mata duk abin da ka ga dama daga waje. Amma kada ka buɗe mata ciki. Ni da ita ba a taɓa yanka mu ba.”

Na ce, “In Allah ya yarda, Baba, ba za a kai ga haka ba.”

Na fara da filogi. Biyar sun fito da launin toka mai kyau, na shida, wanda ke can baya kusa da ƙafar direba, ya fito baƙi da danshin fetur. To, an san mai laifi, saura dalili. Filogin irin na da ne, kansa tsirara, ƙarfe a fili, waya kawai ake maƙala masa. Na sa sabo. Na canja wayoyin shida duka. Na goge kwantak na daidaita, na canja kondensa, na kawo koyil daga Yendi na gwada. Na kwance kafireta biyun na wanke su ɗaya bayan ɗaya a cikin kwano, na zubar da man tanki na tace sabo da ƙyalle. Duk sanda na miƙa hannu wurin filogi na shida sai na lanƙwasa wuyan hannuna, domin akwai wata baƙar laya da ke rataye a ɗan gabansa, kamar yatsa biyu tsakaninsu. Na kauce mata sau ashirin ko fiye a cikin kwana uku, kuma ko sau ɗaya ban kalle ta ba.

Kujera biyu ce kawai, saboda haka gwaji ni da Alhaji muke fita, ina tuƙi yana gefe da hularsa a hannu kada iska ta ɗauke. A shimfiɗaɗɗiyar hanya sai ka rantse sabuwa ce. Ina ganin tsohon yana murmushi shi kaɗai. Da mun kama hawa na taka totur, sai ta fara: fizga, tsallake, fizga. A fita ta uku ya dafa gwiwata ya ce in saurara.

“Akwai wani abu yana tas, tas, kamar an watsa gishiri a wuta. Ba daga cikinta ba ne. Daga nan baya ne, kusa da mu.”

Na kasa kunne. Babu abin da nake ji sai gurnanin salansa da iska. A nan ne ya kamata in buɗe baki in faɗi gaskiya. Maimakon haka sai na yi ’yar dariya, irin wadda makanike ke yi wa mai mota, na ce tsakuwa ce take bugun ƙarƙashi, Baba. Can ya ce tsakuwa ba ta jiran hawa. Na ce ya bar min, aikina ne.

Daga ranar na shiga gina ƙarya ina shiga cikinta da kaina. Na ce a raina wuta na gama da ita, mai na gama da shi, saura numfashi. Na kara takarda a salansa, ba ta zuƙe ba. Na toshe ramin filogi da babban yatsa aka juya inji, ya ture yatsan da ƙarfi kamar sauran. Duk wannan yana gaya min bawul lafiya lau yake. Sai na ƙirƙiro cewa bawul ɗin yana maƙalewa ne kawai in an ɗora wa injin nauyi. Yana iya faruwa, ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Amma na zaɓe ta ne don ita kaɗai ce amsar da ba ta buƙatar kunne.

Kwana biyu ina lallashin Alhaji. Hajiya ta taya ni, don ana ta aiko mata daga Yendi cewa jikin gwaggonta yana ƙara nauyi. Na ce masa yini ɗaya ne, in ɗaga murfi, in wasa bawul, in mayar, ko fentin notocin zan kiyaye. A ƙarshe ya ce, “Kai ne masta. Ni makaho ne.” Ya sa aka mayar da kujerarsa cikin zaure, ya ce ba ya son ya ji ana yi.

Notocin sun kwance ba gardama, har na fara jin daɗi. Murfin ne ya ƙi tashi. Shekara da shekaru ana zuba wa lagireto ruwan rijiya, tsatsa ta haɗe murfin da dogayen kusoshin da ke riƙe da shi sun zama abu ɗaya. Na jiƙa su da kananzir da baƙin mai na kwana biyu. Na buga da guduma ta katako. Na rataya shi da sarƙa a jikin azarar rumfa har ƙafafun gaba suka ɗaga daga ƙasa, bai motsa ba. Da Masta Awudu ne, da ya mayar da notocin ya ce Allah bai yi ba. Ni kuwa na riga na yi alkawarin yini ɗaya, ga shi ana kwana na huɗu, kuma duk wanda ya wuce sai ya leƙo. Na ɗauko dogon ƙarfen cire taya, na cusa a kusurwa, na hau da nauyina. Wannan ƙarar kam na ji ta, domin mai kauri ce. Murfin ya tsage daga silinda ta huɗu har ta biyar, tsagar ta ratsa hanyar ruwa.

Da na kife shi a kan tabarma, bawul na shida na fara dubawa. Yana zaune daram, gefensa sumul, ko ƙwarzane babu. Na zauna a ƙasa.

Na naɗe murfin a buhu na shiga duniya da shi. A Tamale suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. A Kumasi na yi kwana uku ina bin masu tsofaffin ƙarafa layi layi, wani ya ce da ya taɓa samun guda, ya narkar da shi an yi tukwane. Masu walda biyu suka gwada, yana hucewa tsagar ta sake buɗewa ta ƙara tsawo. Mutum ɗaya na sani da zai iya, Salifu, abokin koyon aikina, wanda ke gasa ƙarfe a cikin gawayi yini guda kafin ya ɗinke shi, ya binne a toka ya huce a hankali. Na hau mota zuwa Bawku, lokacin garin ba lafiya, kasuwa rabi a rufe, kowa yana sauri ya koma gida. Na tarar da shagonsa da kwaɗo. Wata mai koko a gefe ta ce min, “Salifu ya tafi tun da aka fara harbi, ya kwashe yaranshi ya wuce Togo. Ko ka same shi ma, hannunshi yana rawa yanzu, ba ya walda.” Na bi ta hanyar Pusiga don in ga tsohon garejinmu. An sare darbejiyoyin, an gina shagon sayar da waya a wurin.

Na koma Salaga da buhuna. Abin da ya rage shi ne in mayar da murfin a kan injin yadda ido zai ga kamar cikakke ne, in ɗaura filogai da wayoyi, in rufe bonet. Na yi haka, bonet kawai ya rage ban rufe ba. Da ma mun turo motar tsakar gida don samun haske, sai na kira masu dakon doyar Hajiya su tura ta ta koma rumfa. Bakin rumfar yana da ɗan tudu. Ina tafe a gefe riƙe da sitiyari, bonet a buɗe. Hancin motar yana ɗagawa, sai na ga layar nan ta yi lilo baya, ta je ta kwanta a kan filogi na shida.

Na ce su tsaya. A karo na farko a rayuwata na kama layar wani da hannuna. Fatar kusurwarta ta ƙone, kuma a ƙarƙashin fatar akwai kwanon jan ƙarfe da aka naɗe rubutun a ciki, wuta ta ci shi ta yi masa ƙananan ramuka baƙaƙe. Ba da igiya aka rataye ta ba. Wayar jan ƙarfe ce, an murɗa ta a jikin ƙarfen motar. A tsaye tana nesa da filogin. Da an kama hawa ko an taka totur sai ta koma baya ta taɓa kansa, wutar ta bi ta cikinta ta gudu jikin mota, tas, tas. Matsar da ita tsawon yatsa ɗaya ya isa.

Na kwance ta na shiga zaure. Alhaji yana zaune da carbi. Na durƙusa na sa masa ita a hannu, na ɗora yatsansa a kan ƙunar, na gaya masa komai yadda yake. Ya daɗe yana shafa ta. Ya ce mahaifiyarsa ce ta sa aka yi masa ita ranar da ya kawo motar gida, don kada ta kashe shi. Zafin inji yana yawan cinye igiyar, shi ne wani direbansu ya sa waya, kuma da alama wayar ta saki ne a hankali.

Ya ce, “Ai na gaya maka daga baya ne.”

“Ka gaya min, Baba. Ban ji ba. Kunnena ya mutu, siririyar ƙara ba na jin ta. Na ɓoye ne.”

Na so ya zage ni. Da ya ɗaga sandarsa ya buga min, da na fi samun sauƙi. Sai ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take, ya yi magana a hankali har sai da na matso.

“Don me ba ka faɗa ba, Seidu? Da ni na yi maka jin, kai ka yi min ganin. Mu biyu ai mun isa mutum ɗaya.”

Na tattara kayana na bi motar yamma.

Alhaji ya je Yendi daga baya a gaban motar doya, amma gaisuwar rasuwar yayarsa ya je. Ni kuma tun daga ranar ban sake kara sukundireba a kunne ba, tana nan cikin akwati ina buɗe gwangwanin fenti da ita. Birki nake yi yanzu da sifirin, aikin da ido ya isa. In an kawo inji mai ɗingishi, wurinku nake turowa, shi ya sa kuke ganin kamar na yi ritaya.

Watannin baya Hajiya Adiza ta biyo ta garejina a kan birkin motarta. Ban so in tambaya ba, amma na tambaye ta labarin Alhaji. Ta ce yana nan, kuma har yanzu da hantsi yana sa a fito masa da kujera. Sai dai ya sa an cire kwano biyu daga rufin rumfar, daidai saitin hancin motar. Yana zaune yana jira har rana ta ɗumama bonet ɗin, sannan ya ɗora hannu.